Tsibirin Barro Colorado ko dajin Gamboa: wanne ya dace da kwana ɗayan da kake da shi a Panama?

Wanda ya je Panama yana son ganin daji da mashigin ruwan Panama da aka haƙa domin jiragen ruwa a rana ɗaya, sunan da za a fara ambata masa shi ne Barro Colorado. Tsibirin yana tsakiyar Tafkin Gatun, daura da hanyar da manyan jiragen kwantena ke bi tsakanin tekun Atlantika da na Pasifik. Asalinsa tudu ne a cikin kurmi. Da aka datse Kogin Chagres wajen gina mashigin, wanda aka buɗe a 1914, ruwa ya malale kwarin ya bar kan tudun a tsaye. A 1923 aka keɓe shi domin bincike, kuma tun 1946 yake hannun cibiyar Smithsonian ta Amurka.

Abin da ya kamata mai niyyar biya ya sani tun farko shi ne, wurin aiki ne na masana, baƙo kuwa ana karɓarsa ne bisa sharaɗi. Sai ka yi rajista da cibiyar kafin ranar, kuma guraben ba su da yawa. Jirgin ruwan da ke kai baƙi tsibirin yana tashi da sassafe daga tashar Gamboa, garin da ke kimanin kilomita 30 daga birnin Panama, don haka ka shirya motarka tun dare. Da kun sauka, jagora zai shige gaba ku bi sawun daji na sa'o'i, hawa da gangara, ga zafi ga gumi. Za ka ga itatuwa ɗauke da ƙananan lambobin ƙarfe, da ragar tara ganye da 'ya'yan itace da ke faɗowa. A 1980 ne masana biyu, Stephen Hubbell da Robin Foster, suka shata fili mai hekta 50 a tsibirin, inda ake auna kowace bishiyar da kaurinta ya kai santimita 1, ana maimaitawa duk bayan shekara biyar. Daga nan aka kwaikwayi tsarin a dazuzzuka da dama na duniya. Ni a ganina wannan shi ne abin da kuɗinka ke saya: ganin yadda ake tara ilimin daji da haƙuri, daga bakin wanda ya san aikin.

Dabbobi fa? Suna nan, amma babu mai yi maka alkawari. Kusan tabbas za ka ji rurin birai masu ƙara tun kafin ka gan su, za ka tsallake layin tururuwa kowace ɗauke da guntun ganye a ka, wataƙila agoti ya gifta, wata dabba mai kama da gafiya sai dai ta fi tsawon ƙafa. Jemagu sun haura iri 70 a tsibirin, sai dai ranka ya daɗe da rana ka zo.

Idan tsuntsaye ne suka kai ka, ka tsaya a Gamboa ka bi hanyar da ake kira Pipeline Road a cikin gandun Soberania. An yi ta ne lokacin Yaƙin Duniya na Biyu saboda bututun mai, yanzu kuwa masu kallon tsuntsaye daga ko'ina suke zuwa mata. Ba ka jiran jirgi, kai ke da lokacinka, kuma akwai hasumiya kusa da farkon hanyar da ake hawa a hango saman itatuwa. Ka ɗauki jagora da madubin hangen nesa, ka iso kafin rana ta ɗaga. Wannan zaɓin ya fi sauƙi a aljihu, kuma ga mai ɗaukar hoto ya fi tsibirin riba.

Masu iyali da yara ƙanana ko dattawa sun fi dacewa da yawon kwale-kwale mai inji a tafkin, wanda ke kai mutane ƙananan tsibiran birai. Kana zaune za ka ga birai a reshe, wani lokaci kada a bakin ruwa, jirgin dakon kaya kuma ya wuce dab da ku har igiyar ruwansa ta girgiza kwale-kwalen. Abu ɗaya nake roƙo: ka tambaya ko direban yana jawo birai da abinci, in haka ne ka nemi wani. Yana lalata ɗabi'arsu.

Wanda kuma jirage ne kawai a ransa, ya je Miraflores kusa da birnin, inda ake kallon yadda ƙofofin ruwa ke ɗaga jirgi mataki-mataki a hanyarsa ta zuwa tafkin da ke mita 26 sama da teku. Rabin yini ya isa. Manyan jiragen da suka fi ƙarfin tsofaffin ƙofofin ana ganinsu a sababbin ƙofofin Agua Clara ta ɓangaren birnin Colon, waɗanda aka buɗe a 2016.

Lokaci ma yana sauya lissafin. Daga tsakiyar Disamba zuwa Afrilu rani ne, sawu a bushe, amma kaska ta fi yawa, shi ya sa ake cusa ƙafar wando cikin safa. Daga Mayu damina ta kankama, ana samun ruwan sama kimanin milimita 2,600 a shekara, sai ka tanadi rigar ruwa da takalmi mai riƙe ƙasa. Ana cin abincin rana a ɗakin cin abincin masu bincike, saboda haka Musulmi ya faɗi tun wajen rajista cewa ba ya cin naman alade, ya kuma tambayi sharaɗin shekaru idan da yaro zai je.

Ɗalibin kimiyyar halittu, malamin makaranta, ma'aikacin gandun daji, duk wanda ƙafarsa ke da ƙwari, ya biya na Barro Colorado ba tare da jinkiri ba. Mai kwana biyu ya kwana a Gamboa, ya ba tsibirin rana ta farko, ya yi sammako zuwa Pipeline Road a ta biyu.