Citizen Illegal ko Promises of Gold? Ga wanda za ka saya

Ɗan'uwa, littattafan waƙoƙin José Olivarez biyun da ka tambaya duk ina da su. Citizen Illegal za ka saya.

A 2018 ya fito, cikin jerin BreakBeat Poets na kamfanin Haymarket, jerin da aka ware wa marubutan da suka tashi da gambarar zamani a kunne. Olivarez ɗan 'yan ci-rani ne daga Meziko, a Calumet City ya girma, gab da Shikago a Amurka, kuma kana karantawa kana jin kiɗan unguwar a cikin baitocin. Waƙar farko tana bin yaro tun daga haihuwa, duk abin da ya yi sai a liƙa masa tambari, nan ɗan ƙasa, can baƙon haure. Ga kuma gajerun waƙoƙin "Mexican Heaven" da ya warwatsa cikin littafin, wata ta sa ka dariya, wata ta sa jikinka ya yi sanyi.

Wadda ta kama ni ita ce "Boy & The Belt", a kan uba da ɗa da bel ɗin duka. Wani dare an ɗauke wuta, na karanta wa ƙanena da fitilar waya ina fassara masa. Da na gama ya daɗe bai ce uffan ba, can ya ce, "Yaya, kamar a gidanmu aka rubuta." Mahaifinmu, Allah Ya jiƙansa, bai taɓa buɗe baki ya ce yana ƙaunarmu ba, sai dai ya fita da asuba neman abin da za mu ci. Ranar muka fara yin hirarsa a matsayin mutum mai tsoro da gajiya kamar kowa.

Promises of Gold na 2023 ne, ya taɓo ƙauna tsakanin abokai da 'yan'uwa maza, ba laifi. Amma rabinsa fassarar Sifaniyanci ce, ni kuwa ba na ji, rabin kuɗina ya tafi a shafukan da ban taɓa karantawa ba.

Sannan ka yi hattara da masu tallan littattafan waje a WhatsApp. Wani ya taɓa karɓar kuɗina da sunan na asali, ya aiko min fotokwafi, layuka sun karkace, shafi uku babu. A waƙa kuwa, inda layi ya tsaya yana cikin ma'anar. Kada ka tura ko sisi sai ya ɗauko maka bidiyo yana buɗe littafin shafi-shafi, ka ga bango da tambarin Haymarket.