Na kai PLN a mayar mini DWG, aka ba ni PDF da sabon suna

Wajen buga plan, shagon nan na kusa da Katako ba ni da abin cewa a kansa. Babbar takardar A1 tana fita tsaf, tawada ba ta zuba, yaron da ke gaban kwamfuta kuma yana da fara'a, har shayi yake miƙo maka kafin injin ya gama. Shi ya sa da na ga sun liƙa takarda a ƙofa cewa suna juya fayil ɗin zane daga wata manhaja zuwa wata, na ce to madalla, an rage mana yawo cikin ranar Yamai.

Ni aikina lissafin kayan gini: bulo nawa, siminti buhu nawa, ƙarfe, karo (tayil na daɓe). Mai zanen gidan da manhajar zane ArchiCAD take aiki, ta turo mini PLN, wato fayil ɗin ArchiCAD, da PDF ta WhatsApp. Kwamfutata kuwa wata manhajar zanen ce a cikinta, AutoCAD 2010, shi kuma PLN sai ArchiCAD ke buɗe shi. Na zuba PLN ɗin da PDF ɗin a kile USB na kai shagon, na ce DWG nake so, wato fayil ɗin da AutoCAD ke buɗewa. "Patron, wannan ai ba aiki ba ne," in ji yaron. Jikka biyar. Kafin la'asar ya kira ni.

Gaskiya da na buɗe na ji daɗi. Ga falo, ga ɗakuna, ga matakala, kome a wurinsa. Har na yi masa talla wurin wasu magina a shantiye.

Sai da na zauna yin awo abin ya bayyana. Bangon da aka rubuta mita 4 a jikinsa, na auna, kwamfuta ta ce 40. Nan na gane inda aka fito: plan ɗin da aka fitar a ma'aunin 1/100, bangon mita 4 milimita 40 yake ci a takarda. Wato girman takarda aka ba ni, ba girman gida ba. Wannan mai sauƙi ne, sai ka ninka. Amma na taɓa bango ɗaya, maimakon ya kamu gaba ɗaya, guntun layi ne ya ɗago. Zagayen buɗin ƙofa ya zama ƙananan sanduna jere da juna. Lambobin awo ba su da alaƙa da abin da suke aunawa, rubutu ne kawai aka ajiye kusa da layi, ka ja bango su tsaya inda suke. Sunayen ɗakuna na Faransanci sun wargaje, "Séjour" sai ka bi harafi harafi. Zanen daɓen karo kuwa layuka ne barkatai, har tsohuwar kwamfutata ta riƙa sandarewa.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne kalk, wato hawa-hawan da ake raba zane a cikinsu. Mai zane ta raba aikinta: bango daban, wayar wuta daban, famfo daban, kujeru da gadaje daban, don ka kashe wanda ba ka so ka ga wanda kake buƙata. A fayil ɗina duk an tara su wuri ɗaya, kamar an zuba gero da dawa da shinkafa a buhu guda aka ce ka tsince. Ta yaya zan fitar da faɗin ɗaki alhali layin gado ya haɗu da na bango?

Na koma. Na ce masa, ƙanena, tsakaninka da Allah PLN ɗin ka buɗe? Ya yi ta sosa ƙeya. Ashe ArchiCAD ɗin da ke shagon tsoho ne, bai karɓi fayil ɗin ba, sai ya ɗauki PDF ya jefa a wani shafin intanet mai juyawa, ya sauke abin da ya fito. Da ya faɗa mini tun farko, kiran waya ɗaya ya ishe ni.

Kiran kuwa na yi. Hajiya mai zane ta fitar da DWG kai tsaye daga ArchiCAD, kalk ɗinta cif, awo a mita. Sai dai a tsarin 2018 ya zo, AutoCAD ɗina kuma ba ya karanta abin da ya wuce tsarin 2010, don an sauya DWG a 2013, aka sake sauya shi a 2018. Na sake komawa shagon, a nan yaron ya ɗan wanke kansa. Ya buɗe manhajar juya fayil ODA File Converter, ya nuna mata inda za ta ɗauki fayil da inda za ta ajiye shi, ya zaɓi 2010, ya danna. Minti bai cika ba. Zagaye ya zauna zagaye, bango ya kamu da taɓawa ɗaya, awo ya yi daidai da abin da ke rubuce. Har ya koya mini in ajiye kwafi ɗaya a DXF, wani tsarin fayil ɗin zane, saboda masu amfani da manhajar LibreCAD. Ya san aikin, ba wai bai sani ba.

To shi ne ma abin haushin. Mutumin da ya san bambancin saukar da DWG daga sabon tsari zuwa tsoho da kuma kwashe layuka daga PDF, ya san sarai abin da ya miƙo mini ranar farko, ya kuma karɓi kuɗi yana murmushi. Manhajar da ya gyara aikin da ita kyauta ake sauke ta, haka DWG TrueView na Autodesk shi ma kyauta ne kuma yana yin wannan saukarwar. Mai gida kuma a Tawa yake, kullum yana kira yana tambayar lissafinsa don ya turo kuɗin siminti, ni ina nan ina tsintar layi.

Na nemi jikka biyar ɗina. Mai shagon ya ce kuɗin da ya shiga littafi ba ya fita, sai dai a buga mini plan biyu a madadinsa. A kan ƙaramar takarda A3 ma, ba A1 ba.