Tsohuwar Land Cruiser: A Sauke Inji A Gyara, Ko A Ɗora Na Tokumbo?

Masu tsofaffin Land Cruiser 80 sun dame ni da tambaya ɗaya: inji ya fara shan baƙin mai yana hayaƙi, a gyara shi ko a sayo na tokumbo?

Injin 1HZ, na dizal da ke cikin wasu Land Cruiser 80, mai silinda 6 da lita 4.2, tun 1990 Toyota ke ƙera shi, kuma yana karɓar gyara. Idan bakanike ya san hannunsa, ya sa zobba da fistin na asali, ka san abin da ke cikin motarka. Sai dai motar za ta daɗe a gareji, kuma jabun kaya sun cika kasuwa. Kwali ɗaya, aiki daban.

Na tokumbo kuwa, ka shiga Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna, ka biya, a ɗora maka. Akwai sauri, amma kuɗin a dunƙule ne, kuma ba ka san wahalar da ya sha ba. An wanke shi fes yana ƙyalli, wannan ba shaida ba ce. Buɗe murfin mai ka leƙa, ka sa a tayar da shi a gabanka.

Wanda mota ce abincinsa, kullum yana hanyar ƙauye, tokumbo ya fi masa. Mai amintaccen bakanike da haƙurin jira, ya gyara nasa.