POS ko kiwon kaji, wanne ya fi wa mai aikin albashi

Assalamu alaikum. Malam na ga tambayarka, ka ce kai malamin makarantar gwamnati ne, kana tashi aiki wajen ƙarfe 2, ka kwashi adashi naira dubu 400 kuma kana tsakanin abu biyu, ko ka buɗe POS a bakin layinku ka sa yaro ya zauna maka, ko ka zuba kajin buroila, wato kajin nama, a gida. Na ga mutane da yawa sun ce maka POS kawai tunda kullum ana ganin kuɗi, ni gaskiya ina da ja, ƙanina yana POS ni kuma kaji nake yi bayan aiki, so bari in ajiye maka su gefe da gefe kai ma ka auna.

POS tukuna. Abin da yake jan mutane shi ne babu wani dogon koyo, ka samu na'ura wajen Moniepoint ko OPay ko PalmPay, tebur da kujera da lema, a ranar ka fara karɓar kwastoma, kuma jarinka ba ya ruɓewa ba ya ciwo, da daddare ka ƙirga ka ga abin da ka samu. Wannan gaskiya ne ba na musu. Amma mu duba inda ribar take fitowa. A yawancin unguwanni ana cajin naira 100 a dubu 5, naira 200 a dubu 10, to a cikin wannan 200 ɗin kamfanin mai na'ura zai cire nasa kusan naira 50, saura 150. A ce ka samu mutum 30 a rana kowa ya ciri dubu 10, ka tashi da 4,500 kenan, kuma kafin ka samu wannan sai tsabar kuɗi dubu 300 sun bi ta hannunka. Daga ciki za ka fitar da kuɗin yaro da abincinsa, data, takardar risit, cajin na'ura, kuɗin wajen zama, ga masu karɓar haraji na ƙaramar hukuma. Sannan babban abin da ba a faɗa wa sabon shiga, shi kansa kash ɗin samo shi aiki ne, banki ba zai ba ka yadda kake so ba, sai ka ƙulla da gidan mai ko wani ɗan kasuwa mai ciniki ya riƙa ba ka tsaba kana masa turansfa, wani ma sai ka ɗora masa wani abu. Kai kana aji kana koyarwa ƙarfe 11 yaro ya kira kuɗi sun ƙare, wa zai je ya samo?

Yawancin masu yabon POS lokacin canjin kuɗi suke tunawa, farkon 2023, da babban bankin ƙasa CBN ta sauya takardun dubu ɗaya da ɗari biyar da ɗari biyu kuɗi suka ɓace a gari, mutane na kwana a layin ATM, mai POS ya caji abin da ya ga dama a biya shi har da godiya. Wancan lokacin ya wuce Malam. Abin da ya bari shi ne kowa ya shigo harkar, yanzu a layi ɗaya sai ka ga lema huɗu biyar, mai shagon kayan masarufi yana da na'ura, mai kemis yana da ita, mai shayi ma lambar akawun ya manna a jikin tebur, buƙatar cire kash ɗin ma ta ragu ba kamar da ba.

Dokoki ma sun ƙaru. A 2024 aka ce dole masu POS su yi rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni. A Disambar 2024 CBN ta sa iyaka, kwastoma ɗaya kar ya ciri fiye da dubu 100 a rana a wajen ejan, wato mai POS, shi kuma ejan kar ya wuce miliyan 1.2 a rana. A 2025 kuma aka zo da maganar ɗaure kowace na'ura da adireshin da aka yi mata rajista, wato ba ka ɗauke ta ka tafi kasuwar ƙauye ranar Asabar yadda ka ga dama. Kamfanonin ma suna da tagit ɗinsu, in na'ura ta zauna ba ta aiki yadda suke so suna iya zuwa su karɓe abarsu.

Amma duk wannan ba shi ne ya fi damuna da lamarinka ba, zancen yaron nan ne. POS sana'a ce ta ido, wanda yake zaune a kujerar shi ne mai sana'ar. Mutum zai zo da alat na bogi ya nuna a waya yana sauri, in yaro bai tsaya ya ga kuɗin sun shigo a na'ura ba shikenan an tafi da ribar sati biyu. Na'ura za ta ce diklain, wato cirar ba ta yi ba, alhali an cire wa mutum kuɗi, ya tsaya yana hayaniya a ba shi, wanda bai goge ba sai ya tsorata ya bayar. Ga jabun kuɗi a tsakiyar bandir. Ga wanda ya fi muni, a turo kuɗin damfara ko na sata ta akawun ɗinka a cire, ranar da bincike ya biyo sawu sunanka ne a jiki ba na yaro ba, a rufe akawun jarinka yana ciki ka yi ta zirga-zirga. Ko yaron mai amana ne, kuɗi a hannu kullum jarabawa ce, yau abokinsa ya ranci dubu 5 zuwa yamma, gobe wata yaya ta ce a tura mata za ta kawo, a hankali jari yana zaizayewa kai kuma lissafi kake gani a takarda daidai. Ƙanina da yake cin riba da kansa yake zama tun safe har bayan isha'i, kuma wajensa bakin tasha ne. Kai ba ka da ko ɗaya a cikin biyun nan.

To kaji fa. Ba zan ce maka sauƙi ne da su ba, wallahi sun fi POS wahalar jiki nesa ba kusa ba, akwai wari akwai shara akwai tashin dare a satin farko. Kuma su rai ne, suna mutuwa, wanda duk ya ce maka bai taɓa asarar kaza ba bai yi kiwo ba. Bambancin shi ne aikinsu safe da yamma ne, kafin ka fita ka wanke mazubin ruwa ka zuba abinci, ka dawo ƙarfe 2 ka duba, tsakanin nan uwargida ko yara su leƙa su ƙara ruwa. Dukiyar tana cikin gidanka, ba a bakin titi ba.

Buroila sati 6 zuwa 8 ta isa sayarwa. 'Yan tsaki kwali ake sayarwa, guda 50 a ciki, yawancinsu daga wajen Ibadan ake kawo su daga kamfanoni irin su Zartech da CHI da Agrited, akwai kuma na Olam da ke Chikun a Kaduna tun 2017, wanda ya rage mana nisan hanya mu na arewa. Kar ka sayi tsaki don araha a hannun wanda ba ka sani ba, akwai masu haɗa rejet, wato waɗanda aka ware don ba su da kyau, su sayar, za su ci abinci har ka gaji ba su girma ba. Ka yi oda wajen dila sananne ko da ya fi tsada.

Abinci shi ne uwa uba, kusan kashi 70 cikin ɗari na abin da za ka kashe nan zai tafi. Kaza ɗaya tana cin kilo 4 zuwa 5 kafin ta kai, buhu kuma kilo 25 ne, ka ga kwali ɗaya zai ci maka buhu 8 zuwa 10, sitata, abincin tsaki, da farko sannan finisha na manya. A abincin akwai Chikun da Ultima da Vital da Top Feeds da Hybrid, ka duba wanda ake samu sabo kusa da kai ka tsaya a kansa, kar ka riƙa tsalle daga wannan zuwa wancan. Kuma farashin buhu yana bin farashin masara da waken soya ne, shi ya sa nake cewa ka je shago ka tambayi kuɗin buhu na yau ka ninka sau 10 ka ware wannan kuɗin gefe tun kafin tsaki su iso. Nan ne ma'aikata suke faɗuwa, mutum ya zuba kaji 200 da kuɗin da bai wuce na 50 ba yana cewa in albashi ya shigo zai sayi abinci, albashi ya yi latti, a sati na biyar lokacin da suka fi ci sai a koma ba su dusa, su tsaya cak, dillali ya zo ya saya a wulaƙance. Da muguwar rawa gara ƙin tashi. Dubu 400 ɗinka kwali ɗaya ne da gyaran keji da magani, kar ka wuce haka a zubin farko.

Rigakafi ba a wasa da shi. Abin da aka saba, rigakafin cutar Gumboro a kwana 7, wanda ake kira Lasota a kwana 14, a maimaita Gumboro a 21, Lasota a 28, amma ka bi jadawalin da likitan dabbobi na kusa da kai ya ba ka. Maganin sai da sanyi, ka je da kula da ƙanƙara ka ɗauko, in ya sha zafi a hanya ruwa kawai ka ba su. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom da ke kusa da Jos tana yin waɗannan rigakafin a nan gida. Murar tsuntsaye kuma tun da ta fara ɓulla a Jaji a jihar Kaduna a 2006 ba ta daina dawowa ba lokaci lokaci, ita ba ta da magani sai tsaro, kar ka haɗa su da kajin gida ko agwagi ko tattabaru, kar ka bari dillali ya shiga keji da takalminsa, a fito masa da su waje ya gani.

Yanayinmu ma sai an lura. Tsaki sanyi ne ke kashe shi, sati biyun farko sai da gawayi a kasko ko fitila, a rufe da leda amma a bar inda hayaƙi zai fita, a shimfiɗa ɓuntun shinkafa ko dusar katako a ƙasa. Babbar kaza kuma zafi ne ajalinta, watan Afirilu da Mayu a Kano ko Sakkwato ko Maiduguri za ka ga wadda ta fi ƙiba ita ke fara faɗuwa da rana tsaka, ni shawarata sabon shiga ya tsallake bazara gaba ɗaya. Yanzu da azumi yake ta matsowa cikin sanyi, kajin ƙaramar sallah a ƙarshen hunturu za ka ɗauko su, ka tanadi gawayi sosai.

Wajen sayarwa nan POS ta fi kaji, dole in faɗa. Mai POS kwastoma ne ke zuwa ya same shi, mai kaji shi ke neman mai saye, kuma duk ranar da kaza ta ƙara bayan ta kai ribarka take ci. In ka jira 'yan kaji na kasuwa su za su yanka maka farashi don sun san a matse kake. Amma kai Malam kana da kasuwar da mu da yawa ba mu da ita, sitaf rum, wato ɗakin malamai. Malamai abokan aikinka, iyayen yara, masu abincin sayarwa na unguwa, mai suna mai biki, ka sanar tun suna sati 4, ka saita fitarsu ta dace da ƙarshen wata ko sallah ko Kirsimeti in kana wajen Kaduna ko Jos ko kusa da Sabon Gari. Bashi dai ka yi hattara, abokin aiki ya ɗauki uku sai albashi, albashi ya zo ya ce wata mai zuwa, ka rubuta kuma kar bashin ya wuce abin da za ka iya haƙura da shi. Kashin kajin ma kuɗi ne, masu lambu da manoman rani suna saye buhu buhu.

Akwai kuma wani abu da ban ga kowa ya taɓo ba kuma ya shafe ka kai tsaye tunda aikin gwamnati kake. Kundin tsarin mulki na 1999, a jadawali na biyar inda aka yi maganar ɗa'ar ma'aikata, ya hana ma'aikacin gwamnati na cikakken lokaci gudanar da kasuwanci na kansa, amma ya cire noma a ciki. Kiwo ɓangaren noma ne. Na san ma'aikata da yawa suna sana'o'insu ba wanda ya ce musu komai, amma POS da za ka yi wa rajistar CAC da sunanka da BVN ɗinka abu ne a rubuce, ranar da wani ya so ka da sharri a ofis ya samu abin kamawa. Kaji ba wanda zai ɗaga maka yatsa a kansu.

Don haka in ni ne kai kaji zan yi, da sharaɗi biyu. Na farko uwargida ta yarda da zuciya ɗaya, don ita za ta zauna da warin da kukan, kuma ka yanka mata kasonta a riba tun farko a faɗe, ba wai in an sayar a ga abin da ya samu ba. Na biyu gidan ya zama akwai fili da iska, in haya kake a gidan yawa kar ma ka fara, rigima da maƙwabta za ta kore ka kafin kaji su kai. In ɗayan biyun nan bai samu ba to POS ɗin, amma ba lema da yaro ba, ka nemi mai shago a layinku wanda ka yarda da shi ko madam in tana 'yar sana'a a gida a yi rajistar da sunanta, a fara da rabin kuɗin, kuma kowane dare a haɗa abin da ke akawun da abin da ke aljihu a ga ya cika.

Kafin ka biya kuɗin tsaki ka samu wani mai kiwo a unguwarku ka je ranar Asabar ka taya shi shara da ba da ruwa, ka ga yadda yake haɗa rigakafi da idonka, ka karɓi lambar likitan da yake kira. Allah ya sa albarka a abin da ka zaɓa Malam, in ka tashi gyaran kejin ka faɗi girman filin sai mu lissafa guda nawa zai ɗauka.