Zakara mai zanko layi uku ko mai shimfiɗaɗɗen zanko?

Malam, cikin zakarun nan biyu da ka ce ka rasa wanda za ka ɗauka, ni dai mai layi ukun zan ce maka, don duk biyun sun zauna a hannuna.

Nawa mai layi uku yau shekararsa huɗu a wajena. Zankon ɗan ƙarami ne ya kwanta a ka, layuka uku a jere, na tsakiyan ya ɗan ɗara sauran, irin na kajin Brahma da Asil ɗin Indiya, a kajin gida kuwa sai ka daɗe kana dubawa kafin ka ci karo da ɗaya. Wata rana wani zakara ya tsallako suka kaure da faɗa, na fito a guje ina zaton jini zan tarar, wallahi ko ƙwarzane babu a kansa saboda ba inda za a kama, shi kuwa baƙon mai zankon zarto, wato tsayayyen nan mai haƙora, haka ya fita jina-jina. Ƙwan kajinsa kuma da wuya ka tsinci baragurbi. Jininsa ya rinjayi na zankon zarto, in ka haɗa shi da kaza mai zankon zarto za ka ga wajen rabin 'yan tsakin sun ɗauko shi, wani zakaran ma duka. Abu ɗaya dai, zanko na taimaka wa kaza rage zafin jiki, shi kuma nasa kaɗan ne, to in rana ta buɗe kar inuwa da ruwa su yanke masa.

Mai shimfiɗaɗɗen, irin na kajin Wyandotte mai ɗan tsini ta baya, kyau kam akwai shi, amma ni na yi da na sani, ƙwai ne suka yi ta lalace min. Daga baya na gane in zakara ya gaji wannan zankon ta uwa da uba duka, maniyyinsa ba ya da kuzari sosai.

Sannan ka yi hattara da masu sayarwa. Wani zai nuna maka dunƙulallen zanko kamar curi ya ce wai wani iri ne na waje da ba a samu, alhali haɗa mai layi uku da mai shimfiɗaɗɗen ne ke ba da shi, tun farkon shekarun 1900 masanan kimiyya Bateson da Punnett suka gwada haka a Ingila. Wani kuma yanke zankon zarto yake da reza in ya warke ya ce haka aka haife shi, ka duba da kyau za ka ga tabo. Wanda ya fi ɓata min rai shi ne mai sayar da kaza da ƙurajen cuta a zanko ya ce ado ne, in ka ga ɓawo ko baƙin miki ka bar masa kayansa. In 'yan tsaki ne ka ce sai ka ga iyayen da idonka.

Ɗauki mai layi ukun, ka ware shi sati biyu kafin ka sake shi cikin sauran.