Armstrong da Frankie Lymon: mai ƙaho da mai murya

Ɗan'uwa, ka tambaya ko doo-wop reshen jazz ne, da kuma dalilin da ya sa makaɗan jazz ke tsufa a kan sana'arsu alhali yawancin mawaƙan doo-wop ko sunansu ba a tunawa. Ba reshe ba ne, maƙwabta ne, duka biyun a unguwannin baƙar fatar Amurka suka tashi. Bari in ajiye maka mutum biyu gefe da gefe.

Louis Armstrong haifaffen New Orleans ne, a 1901. A gidan horon yara ya samu malamin busa, inda aka kai shi bayan ya harba bindiga sama a daren sabuwar shekara. Daga nan ya yi zaman yaron gida kamar kowane mai koyon sana'a. A 1922 ya bi ubangidansa King Oliver zuwa Chicago yana busa a bayansa, sai a 1925 ya fara fitar da faifai da sunansa, shi da ƙungiyar Hot Five. Ka nemi "West End Blues" na 1928 ka kasa kunne. Kafin kowa ya taɓa komai, ƙahonsa kaɗai ke fitowa, ya gangaro, ya haura can ƙoli, ya sake zubowa, sannan sauran su shigo a natse. Ni dai har yau in na sa shi sai na mayar da farkon sau biyu kafin in bar shi ya wuce.

Doo-wop kuwa baki ne kayan kiɗansa. Samari huɗu ko biyar a bakin titi, ɗaya na ba da waƙa, 'yan amshi na bin sa da sautukan da ba su da wata ma'ana, irin su "du-wop", wanda daga nan sunan ya samo asali. Ba sai ka tara kuɗin ƙaho ba. Frankie Lymon ɗan Harlem ne a New York, yana da shekara 13 lokacin da shi da ƙungiyar Teenagers suka fitar da "Why Do Fools Fall in Love" a farkon 1956. Mai babbar muryar cikinsu ke buɗe waƙar, sai siririyar muryar yaron ta faɗo a kai. Ta zo ta ɗaya a jerin waƙoƙin da suka fi kasuwa a Ingila. A shekarar ne kuma Armstrong ya sauka Accra, taron jama'a ya tarbe shi, kafin ya zo Najeriya a 1960 har ya gana da Sardauna a Kaduna.

To, a nan hanya ta rabu. Mai busa kullum ƙara gogewa yake, ko da leɓɓa na tsagewa, kuma na Armstrong sun sha tsagewa. A 1964, yana da shekara 62, "Hello, Dolly!" ɗinsa ta sauke Beatles, fitacciyar ƙungiyar mawaƙan Ingila, daga matsayi na ɗaya a Amurka. Ya rasu a gidansa a 1971. Shi kuwa Lymon jarinsa muryar ƙuruciya ce. Ya rabu da abokansa a 1957 don ya yi gaban kansa, murya ta fashe, kasuwa ta juya baya, ga shi ya riga ya faɗa harkar ƙwaya. A Fabrairun 1968 aka tsinci gawarsa a gidan kakarsa, yana da shekara 25.

Kada ka ɗauka duk ɗan jazz ya ga tsufa, Charlie Parker a 34 ya tafi. Amma a ganina inda aka fi kwarar 'yan doo-wop shi ne wajen haƙƙin mallaka, domin yara ne da ba su san kan takarda ba. A jikin faifan Teenagers an sa sunan mai kamfanin, George Goldner, cikin marubutan waƙar, daga baya kason ya koma hannun wani mai kamfanin faifai, Morris Levy. Biyu daga cikin 'yan ƙungiyar, Herman Santiago da Jimmy Merchant, sun kai ƙara suna cewa da su aka rubuta ta, suka yi nasara a 1992. A 1996 kotun ɗaukaka ƙara ta soke hukuncin, ta ce sun makara wajen shigar da ƙarar.