Gishirin rodiyam da na saya a Dammam

Kwalbar ba ta kai babban ɗan yatsana ba. Giram ɗaya ne a ciki, gari ja mai duhu kamar busasshen zoɓo, amma kuɗinsa zai ciyar da ni kabsa wata guda har da canji. Rodiyam kuloraid ne mai ruwa a jiki, RhCl3·xH2O, gishirin wani ƙarfe mai tsada da ake kira rodiyam, wanda muke farawa da shi in za mu haɗa katalis, wato sinadarin da ke gaggauta haɗuwar wasu sinadarai shi kuwa bai ƙare ba.

A wani shagon kayan ɗakin gwaji a Dammam ta Saudiyya na saya. Mai kula da wurin dattijo ne, Bahaushen Sudan, mutumin Mai Wurno. Da ya ji ina waya da Hausa sai ya ce, "Ɗana, mai ruwa kake so ko busasshe?" Tambayar nan ce ta sa na yarda da shagon. Wanda bai san kaya ba suna kawai zai duba ya miƙo maka, alhali busasshen ba ya narkewa a ruwa, sai ka yini kana juyawa yana kallonka. Na ce, "Mai ruwa, Baba." Ya haɗo mini da takardar gwaji: rodiyam kashi 39 cikin ɗari. Lambar nan ita ce abin nema, domin ruwan da ke jikin garin ba tsayayye ba ne, da nauyin ƙarfen ake lissafi.

Tsadar ba laifinsu ba ce. Rodiyam ɗin da duniya ke haƙowa a shekara wajen tan 30 ne kacal, mafi yawa daga Afirka ta Kudu, kuma matatar hayaƙi da ke salansar motoci ke lashe kaso mafi tsoka. A Maris ɗin 2021 oza ɗaya ta doshi dala 30,000.

Na gwada garin ta hanyar haɗa wani katalis da ake kira katalis ɗin Wilkinson, wanda aka sani tun 1965. Na narkar da garin a etanol, ya narke tas ba guggubi, na zuba cikin etanol mai ɗauke da sinadarin tirifenilfosfin mai yawa yana tafasa a ƙarƙashin iskar naitirojin. Ba a jima ba jajayen ƙwayoyi suka fara zubowa a gindin kwalba, launinsu ya fito yadda ake so. Washegari na sa katalis ɗin ya cusa wa sinadarin saikuloheksin haidirojin, ya yi aikinsa ba gardama. Wajen inganci dai ban da ta cewa.

Inda suka gaza shi ne murfi. Roba ce mara ƙarfi, ba a naɗe ta ba, ba ko ɗan ƙunshin silika mai shanye danshi a kwalin. Gishirin nan kuwa mayen danshi ne, ga shi watan Agusta a bakin teku, lokacin da gilashin ido ke yin hazo da ka fito daga mota. Na bar ragowar a durowa ranar Alhamis, ran Lahadi na tarar ya dunƙule yana manne wa cokali, kashi 39 ɗin ya tashi daga aiki. Rabin laifin nawa ne, ga tukunyar busarwa a gefena ban saka ba. Da na koma na faɗa wa Baba bai yi musu ba, ya ce na gaba da hannunsa zai naɗe.

Ba sa sayen ragowar ruwan gwaji mai rodiyam, na tambaya. Ina tara nawa a wata kwalba mai ruwan ƙasa a bayan kabad, na rubuta mata "kada a zubar" da Larabci da Turanci.